RANGWAME GA NAƘASASSU DA 'YAN JAGORANSU: NAUYIN DA KE KANMU A WURNO, RABAH DA GORONYO

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya)

 



GABATARWA

An umurce ni da in yi tsokaci a kan rangwame da sassauci da ya kamata a riƙa yi wa naƙasassu, waɗanda a yau ake kira masu buƙata ta musamman, tare da mutanen da ke ɗawainiya da su. Wani zai ga batun ƙarami ne idan aka ajiye shi kusa da matsalar tsaro ko ta hanyoyi ko ta ruwan sha. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Achida ko ta Gandi ko ta Shinaka ya ga makaho da yaronsa suna lissafin kuɗin mota, ya san cewa ga waɗannan bayin Allah wannan lissafi shi ne ke yanke hukuncin ko za a je asibiti ko za a koma gida a kwanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Wannan na nufin kusan mutum ɗaya cikin kowane shida. Idan muka duba gidajenmu da idon gaskiya, da wuya a sami zuri'ar da babu makaho ko gurgu ko kurma ko mai taɓin hankali ko tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Magabata sun ce ba a gama wa ɗan Adam halitta sai ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Saboda haka maganar da za mu yi ta shafi kowa da ke cikin wannan zaure.

ME YA SA RANGWAME?

Tambayar farko da akan yi ita ce: me zai sa a rage wa wani kuɗi alhali kowa na cikin matsi? Amsar tana cikin lissafi. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa kuɗin mota daga garinmu zuwa Sakkwato naira 2,000 ne. Mai lafiya zai je ya dawo da naira 4,000. Makaho ba ya tafiya shi kaɗai, don haka shi da ɗan jagoransa za su biya naira 8,000. Gurgu mai keke zai biya nasa da na mai taimakonsa, sannan a caje shi kuɗin keken a matsayin kaya, kamar dai buhun albasa, alhali keken nan ƙafafunsa ne. Idan aka isa birni kuma, abinci na mutum biyu ne, wurin kwana na mutum biyu ne, kuɗin a-daidaita-sahu na mutum biyu ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin sufuri ya yi tashin gwauron zabo, kuma duk ƙarin da aka yi wa mai lafiya sau ɗaya, naƙasasshe sau biyu ya sha shi.

Wannan shi ne asalin hikimar rangwame. Naƙasa tana da nata haraji da ba a rubuta a kowace takarda ba, kuma wanda ya fi kowa ƙarancin hanyar samu shi ke biyan sa. Idan aka yafe kuɗin kujerar ɗan jagora, abin da aka yi shi ne an mayar da makaho daidai da sauran fasinjoji, ya biya kuɗin mutum ɗaya kamar kowa.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato shi mai kula ɗin. A ƙasarmu yawanci ɗan jagora yaro ne ko yarinya da ya kamata a ce suna cikin aji. Mai jinyar gurgu ko mai taɓin hankali kuwa sau da yawa uwa ce ko mata ko ƙanwa, wadda ta ajiye sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko saƙa ko kiwo domin wannan hidima. Ba su da albashi, ba su da hutu, ba a kuma ƙidaya su idan ana rabon tallafi. Duk tsarin da ya tuna da naƙasasshe ya manta da mai kula da shi, rabin aiki ya yi.

ABIN DA TARIHI YA BAR MANA

Wannan tunani ba baƙo ba ne a gare mu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa an bai wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, ya kuma yanka wa kutare albashi daga baitulmali domin kada su yi bara. An ruwaito irin wannan daga Umaru ɗan Abdul'azizu da ya yi mulki daga 717 zuwa 720. Wato fiye da shekara 1,300 da suka wuce an riga an gane cewa ladar ɗan jagora nauyi ne da ke kan jama'a gaba ɗaya.

A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, ya kuma rasu a cikinta a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, har da na ciwon ido, ya kuma rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje nasiha a kan wajibin shugaba na kula da sana'o'i da kasuwanni da jin daɗin talakawa. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, ya kuma riƙe sarautar gundumarta tun daga 1934, ya tafi ya bar wa Arewa makarantu da cibiyoyin da har yau ake cin moriyarsu. Mutanen da suka gaji waɗannan bayin Allah bai kamata a koya musu tausayin raunana daga waje ba.

Tsarin sarautarmu ma ya san da naƙasassu. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke sasanta jama'arsu, su kuma yi magana da yawunsu a fada. Mun kuma ga yadda makanta ba ta hana Malam Aliyu Namangi na Zariya zama ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa ba. Gaskiyar masu iya magana ce da suka ce babu naƙasasshe sai kasasshe.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Nijeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga naƙasassu, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Jiharmu ta Sakkwato na cikin jihohin da suka yi tasu dokar. Ga kaɗan daga cikin abin da dokar tarayya ta ƙunsa, domin da yawa daga cikin waɗanda aka yi ta dominsu ba su taɓa jin labarinta ba:

1. Ilimi kyauta ga naƙasasshe har zuwa ƙarshen sakandare.
2. Magani kyauta ga mai taɓin hankali a asibitocin gwamnati.
3. Fifiko a duk inda ake bin layi, a kuma saurare shi a wajen layin idan da hali.
4. Keɓe aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati.
5. Wa'adin shekara 5 domin gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wannan wa'adi ya cika a watan Janairu na 2024.
6. Haramta amfani da naƙasasshe wajen yin bara.
7. Tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani.

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya naƙasassu cikin rukunin raunana da ya kamata a biya musu kuɗin inshora. Dokar zaɓe ta 2022 kuwa ta bai wa makaho damar shiga rumfar zaɓe da mutumin da ya zaɓa da kansa domin ya taimaka masa. Hukumar JAMB ma, tun daga 2017, ta kafa wani kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa, tana ɗaukar nauyin masauki da abinci da tallafin kuɗin mota ga ɗalibi da ɗan jagoransa. Wannan misali ne na cikin gida da ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

A matakin jiha, gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko, wadda ta yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ta fito da alawus na naira 6,500 duk wata ga naƙasassu domin rage bara. Kwamitin Zakka da Waƙafi, wanda ya zama cikakkiyar hukuma a 2016, ya yi suna wajen biyan kuɗin maganin marasa galihu. Akwai makarantar musamman ta A. A. Raji a Sakkwato domin kurame da makafi da sauransu. Akwai Asibitin Noma da aka buɗe a 1999, inda ake yi wa yaran da cutar ta ci wa fuska aiki kyauta tare da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF tun 2014. Akwai asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware, da asibitin kutare a Amanawa, maganin kuturta kuma kyauta ne a duniya tun 1995.

To, ku lura da wani abu guda. Kusan dukan waɗannan wurare suna cikin birnin Sakkwato ko kewayensa. Magani kyauta a Kware ko Amanawa ba ya amfanar mutumin Takakume ko Rara ko Dinawa idan ba shi da kuɗin motar mutum biyu. A wannan giɓi ne, tsakanin ƙofar gida da ƙofar asibiti, alherin gwamnati ke tsayawa, kuma a nan ne aikin ƙungiya irin tamu ya fara.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

A Ingila, tun 1981 akwai katin jirgin ƙasa na naƙasassu, wanda ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti ga mai katin da babban mutum ɗaya da ke tare da shi. A Ostareliya, jihar Biktoriya ta fara katin abokin tafiya a 2003, wanda ke bai wa mai kula damar shiga filin wasa ko wurin taro kyauta. A Indiya, rangwamen jirgin ƙasa yakan kai kashi 75 cikin 100 ga wasu rukunonin naƙasassu da mai rakiyarsu. A Saudiyya ana rage rabin kuɗin sufurin gwamnati ga naƙasasshe da mai rakiyarsa. A Faransa, shiga gidan tarihi na Louvre kyauta ne gare su su biyun. Ghana kuma ta keɓe wani kaso na asusun bai-ɗaya na ƙananan hukumomi domin naƙasassu.

Darussa uku ne ke cikin waɗannan misalai. Na ɗaya, ana haɗa mai kula a cikin rangwamen. Na biyu, akwai kati ko shaida, domin kada mutum ya riƙa roƙo ko bayyana ciwonsa a gaban jama'a duk lokacin da zai shiga mota. Na uku, an san wanda zai biya giɓin tun kafin a yi shela.

HALIN DA YANKINMU KE CIKI

Allah Ya albarkaci ƙasarmu da fadama. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984 aka kuma ƙaddamar a 1992, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Shinkafa da albasa da tafarnuwar Wurno da Goronyo sun kai kasuwannin kudu. Amma arzikin nan na mai ƙarfin riƙe fartanya ne, kuma idan ana rabon filin noman rani ko taki ba a cika tuna cewa gurgu ma yana da iyalin da za su noma masa ba.

An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar shan-inna ta daji daga nahiyar Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, da yawansu sun zama magidanta. Ga kuma sabuwar musiba ta 'yan bindiga. Harin Tabanni da ke gundumar Gandi a watan Yuli na 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, da wasu da dama, sun bar mana marayu da zawarawa, sun kuma bar mana mutanen da harsashi ya raba da hannu ko ƙafa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Idan gari ya watse, makaho da gurgu su ne na ƙarshen fita, kuma su ne na ƙarshen kaiwa ga layin rabon abinci a sansanin gudun hijira.

SHAWARWARI

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Don haka zan taƙaita a kan abubuwa shida da ke cikin ikonmu.

Na ɗaya, rajista da kati. A kafa kwamiti a kowace gunduma da ya ƙunshi wakilin hakimi, da sarakunan makafi da guragu da kutare, da wakilin kurame, da ma'aikacin lafiya, da mace aƙalla ɗaya. Su rubuta sunayen masu naƙasa, a ba kowa kati mai hoto, a kuma nuna a jikin katin ko yana buƙatar mai rakiya. Katin ya kasance da sunan naƙasasshen, domin yau ɗansa ne zai raka shi, gobe maƙwabci. A tabbatar an shiga gidaje, saboda mata naƙasassu da yawa ba su fita, ba a kuma san da su ba.

Na biyu, kujerar ɗan jagora. Shugabanninmu su zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Wurno da Achida da Rabah da Gandi da Goronyo. Abin da za mu roƙa daga gare su shi ne a daina cajin keken gurgu da sanduna a matsayin kaya, a kuma ba mai kati kujerar gaba idan da hali. Kuɗin kujerar ɗan jagora kuwa mu za mu biya. Direba shi ma mai iyali ne, yana da balas da zai kai wa mai mota, kuma duk rangwamen da aka ɗora masa shi kaɗai ƙarshensa ya riƙa wuce makaho a bakin hanya kamar bai gan shi ba.

Na uku, asusu. Mu koma kan misalinmu na ɗazu. Idan 'yan ƙungiya 300 suka riƙa ba da naira 1,000 kowane wata, an sami naira 300,000. Idan kujerar ɗan jagora zuwa da dawowa naira 4,000 ce, an biya tafiya 75 a wata, wato tafiya 900 a shekara. Da yawanmu abin da muke sa wa a katin waya a mako ya fi wannan. A fara da tafiyar asibiti da ta makaranta, a riƙa biyan kuɗin ga ofishin tasha da rasit, a kuma buga lissafin a wannan mujalla kowace shekara.

Na huɗu, ƙananan hukumomi. Mu nemi majalisun Wurno da Rabah da Goronyo su yafe kuɗin rumfa da harajin kasuwa ga naƙasasshen da ke sana'a, su yafe kuɗin katin asibiti, su kuma keɓe musu kaso a rabon taki da filayen noman rani. Mai gyaran takalmi ko rediyo ko mai saƙar tabarma da aka yafe wa haraji ya fi kusa da barin bara a kan wanda aka ba buhun shinkafa sau ɗaya a shekara.

Na biyar, yaran jagora. A yafe musu kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, mu ɗauki nauyin kayan makarantarsu, a kuma tsara yadda manya za su riƙa karɓar su a lokutan darasi. Horar da makafi tafiya da farar sanda zai rage dogaro da yara ƙwarai. Kada naƙasar uba ta zama sanadin jahilcin ɗa.

Na shida, mu fara da kanmu. Duk taro ko gasar ƙwallo ko wasan sallah da wannan ƙungiya ta shirya, mai kati da mai rakiyarsa su shiga kyauta, a ba su wurin zama a gaba. Masu gidajen kallon ƙwallo da injin niƙa da kantin magani da ke cikinmu su yi abin da za su iya. Lauyoyinmu da likitocinmu da ma'aikatanmu na birni su taimaka wajen shigar da mutanenmu cikin shirin inshorar lafiya na jiha da neman musu guraben aikin da doka ta ba su.

GAME DA MASU SHAKKA

Za a ce wasu za su yi ƙaryar naƙasa domin su sami kati. Haka ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma a ƙauye kowa ya san kowa, kuma Sarkin Makafi ya fi kowane jami'i sanin makahon gaskiya. A sabunta katin duk shekara biyu, a kuma hana 'yan siyasa rabon sa, domin ranar da ya zama na jam'iyya ranar ya mutu.

Za a kuma ce rangwame zai ƙara wa mutane zaman jiran a ba su. Abin da muke magana a kansa kuɗin zuwa asibiti ne da makaranta da kasuwa, wato hanyoyin da ke fitar da mutum daga bara. Sannan kada mu yanke komai ba tare da su ba. Ya kamata a taron baɗi a ga wakilansu a kan wannan teburi, su faɗi da bakinsu abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyi, mun gyara maƙabartu, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Wannan aiki da na kawo ba shi da bangon da za a rubuta sunan kowa a jiki, amma amfaninsa zai shiga gidajen da ba mu taɓa taka ƙofarsu ba. Ina roƙon shugaban taro da kada a tashi yau sai an naɗa kwamitin da zai fara rajista a gunduma ɗaya cikin kowace ƙaramar hukuma, a kuma sa ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ta zama ranar miƙa katunan farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kawo mana ƙarshen rashin tsaro, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.